Wayoyin Sumaila duk ja ne

Yatsana a ƙone, jitata ta bas a buɗe cikin buhu bayan moto, haka labarin ya tarar da ni da sahen nan. Ina hanyar rumfar Sumaila mai gyaran rediyo, ina shirya ƙaryar da zan yi mishi, sai ƙanenshi ya tare ni bakin tasha. Wai Sumaila ya yi sallar asuba, ya ce ƙirjinshi ya yi nauyi, ya kishingiɗa. Ke nan.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu na kasa zama wuri guda. Mun dawo daga maƙabarta, na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Matata Uwar Rabi ta ce in zauna ko in bar mata gidan. Shi ya sa nake rubutu.

Wanda bai sani ba, ni ne mai kaɗa bas, jita mai kaurin murya, a ƴar ƙungiyarmu ta bukukuwa nan Filinge. Jitar mikro biyu gare ta, baƙaƙen nan na ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sauti. A kansu munka daɗe muna gardama da Sumaila.

Ni ina son yadda ta zo daga Yamai: kowane mikro da butonshi, su tafi kafaɗa da kafaɗa kamar shanun amalanke. Paralel ke nan. Murya tas, kowace tsirkiya ana jin ta.

Shi ko cewa yake wannan na masu kiɗa cikin ɗaki ne. Mu a fili muke, bisa rairayi, da ampli ƙarami na ƙara sauti da gurup, injin wutarmu mai tari. Gwamma seri, wannan mikro ya miƙa ma wancan kamar magina na miƙon bulo, muryar ta yi ƙiba ta kai bayan taro inda tsohi mata ke zaune.

Da ya gaji da ni sai ya cire makunnin fitilar wata matacciyar moto ya dasa ma jitar. Sama nawa, ƙasa nashi. Sama munka raɗa ma suna Gardama, ƙasa kuma Gaskiya. Kun san wa ya raɗa.

Wani buki a garin Damana na matsa makunnin ƙasa, ina tsammanin ba ya gani. Mata sunka tashi. Ina ɗaga kai na hango shi wajen gurup, yana washe mini haƙora.

Bai taɓa karɓar ko dala gare ni ba. Rediyon uwata ma shi ke gyara mata, ya haɗa da pil, wato batir. In na kawo maganar biya sai ya ce in aje, ranar auren ɗiyarshi Hadiza zan biya, in kaɗa tun la'asar kuma makunni na ƙasa. Na ce na ji. An sa ranar, bayan girbin hatsi.

Ranar kasuwa na gan shi ƙarshe. Na ce mishi makunnin ya fara ƙarar-ƙarar. Yana hura ƙura daga wata rediyo, bai ko ɗago ba.

"Injiniya, kada ka buɗe cikinta. In ta yi ciwo kawo mini ita."

Injiniya yake ce mini don tsokana, ni da na tsaya a CM2, ajin ƙarshe na firamare.

To jiya Injiniya ya kalli bidiyo a waya. Wani Bature, da Faransancin da na kama rabi, yana cewa baƙar waya nan, farar waya can. Na aro ƙarfen liƙin waya, na kwance murfi.

Wayoyin Sumaila duk ja ne. Duka. Daga naɗi guda yake yankowa, sauran yana cikin kanshi.

Mai hankali da ya maida murfi. Ni na ce bari in ɓalle guda in gani. Na ɓalle ta biyu don in gane ta farko. Da na kai ta ƙarshe na damƙi ƙarfen ta wajen wuta. Ɗiyana na dariya, uwarsu na shafa mini man goge haƙori. Ban damu ba, na ce gobe Sumaila ya zage ni ya liƙe.

Yanzu ga ta nan jingine, ba sama ba ƙasa.

Wajen gaisuwa Hadiza ta ga tsumman yatsana, cikin kukanta ta ce, "Baba, mi ya same ka?" Na ce girki. Ni da ban san inda ake aje ashana ba.

Ban san ko za a ɗaga bukin ba, ban san ko za su so kiɗa ba. Wannan na danginta ne. Amma in sun ce a yi, ba ni zuwa da muryar Gardama. In akwai wanda ya iya haɗin seri, a Yamai ko ina ne, ya yi mini magana. Ni zan kawo ta da kaina, kuma hannuwana na cikin aljihu.

Allah Ya jiƙan Sumaila, Ya yafe mishi, Ya haskaka kabarinshi, Ya ba iyalinshi haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mishi addu'a. In da saura, ku roƙa mini Allah Ya kai ni ranar Hadiza da makunnin nan a ƙasa.