Sakatar Inna Mai Raino

Duk 'yan layin da sunan Inna mai raino suka san ta, har waɗanda suka girme ta haka suke kiranta. Tun gashinta na baƙi iyaye ke ajiye mata 'ya'yansu da safe su wuce aiki. Ɗaukar 'ya'yan mutane ne ya ranƙwafar mata da baya.

Dokar lasisin gidan raino kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Bara aka ce ta fitar da kujerar katako, kada yaro ya hau ya faɗo. Ta fitar. Bana jami'ar duba gidajen raino ta zo da sabuwa: a mai da sakatar ƙofa sama, inda hannun yaro ba zai kai ba.

"'Yar nan, ni fa?" in ji Inna.

"Yi haƙuri, Inna. Ni ma aiko ni aka yi."

Kafinta ya zo ya buga irin sakatar nan mai kama kanta, ya ja ƙofa ya yi gaba.

Da yamma wata uwa ta ƙwanƙwasa, ta zo ɗaukar ɗanta. Inna ta miƙa hannu, ta yi ɗage har bayanta ya amsa, amma yatsunta ko kusa. Ta waiga neman abin takawa, sai ta tuna doka ta cinye kujerar tun bara.

"Inna, lafiya?" uwar ta kira daga waje.

Inna ta jingina da ƙofa, yara na jan zaninta.

"Lafiya lau, 'yata. Doka ta yi aikinta. Ba mai fita, har ni."