Mista Lem, Kafintan da Ya Kwance Abin da Ya Ɗaure

Ƙarfe shida da rabi na safe, in ka ji wata tsohuwar akori-kura tana tari a Titin Delmore, ba sai ka leƙa ba, Mista Lemuel Gaskins ne. Zai tsaya a gidan burodi ya karɓi baƙin kofi ba sukari, fensir maƙale a kunne, injin ɗaure noti rataye a ƙugu. Daga nan sai inda aka kira shi: matakalar da ta ruɓe, ƙofar da ta ƙi rufuwa, gangaren katako saboda keken guragu na tsohuwar da aka sallamo daga asibiti. Shekara arba'in da ɗaya yana haka. Ranar Lahadin da ta wuce fasto ya sanar a coci cewa Mista Lem ya ajiye aiki, hannun dama ya ƙi. Aka yi tafi, aka ci soyayyen kifi da burodin masara, kowa ya kama gabansa. Ni dai na ga wannan bai isa ba.

Ni ce Vernita Coles, mai shagon gyaran gashi da ke jikin kantin maganin Mista Baek. Wanda ya san ni ya san bakina ba shi da linzami, kuma yabon mutane ba sana'ata ba ce. Mutumin nan ma na taɓa wanke shi tas a gaban jama'a. Dalilin zagin shi ne dalilin wannan rubutu.

Shekara biyu ke nan da 'yan sanda suka tsayar da Terrence Boyd, direban motar kaya ɗan unguwarmu, wai fitilarsa ta baya ta mutu. Bai koma gida ba. Dukanmu mun ga yadda aka harbe shi a bidiyon waya, hannayensa biyu a kan sitiyari. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa duk uwar da ta haifi baƙin yaro a garin nan. Da aka ce za a yi zanga-zanga ranar Asabar, kuma ta titinmu za ta bi, sai wani tsoron ya hau kan na farko.

Masu shaguna muka taru a shagona. 'Yata Jalisa, malamar firamare mai shekara ashirin da bakwai, tana cikin masu shirya tafiyar, ta shigo ta same mu.

"Mama, an kashe mutum, ke gilashin shagonki kike ji?"

"Na ji an kashe mutum. In aka ƙone titin nan Terrence zai tashi ne? Bayan tarzomar da aka yi ina yarinya, shekara goma sha tara unguwar nan ba kantin magani. Kakarki bas biyu take hawa ta sayo maganin hawan jini."

"To mu yi shiru, su riƙa ɗaukarmu ɗai-ɗai kamar kaji?"

"Ke da asma ke kayarwa in an share ɗaki, ke ce za ki shiga hayaƙi?"

"Terrence ba shi da asma, Mama. Ya hana shi mutuwa?"

Sai na huce a kan Mista Lem, wanda muka kira ya rufe mana shaguna da allunan katako. Na ce ya ninka allo biyu-biyu, ya danna manyan ƙusoshi har ƙofofi, yadda ko ɓera ba zai samu hanya ba. Ya zare fensir daga kunne ya sosa ƙeya.

"Sista Vernita, taga zan rufe miki yadda kike so. Amma ƙofar da mutane ke shiga, ban taɓa buga mata ƙusa ba. Noti huɗu nake ɗaurawa, masu kan tauraro, ba kowace sukudireba ke kama su ba."

"Noti huɗu? Rowar ƙusa kake yi ko tsufa ne ya taɓa ka?"

"Ƙusa ta akwatin gawa ce, wanda ba a sake buɗewa."

Na ce masa wa'azi sai ranar Lahadi. Na ce in aka fasa mana shaguna, shi da notinsa za mu kama. Na faɗi har da abin da ba zan maimaita a nan ba, gaban mutum goma sha biyu. Kwana biyu ya yi yana aikin, daga bakin gada har kwanar banki, kuma yadda ya ce haka ya yi.

Wasu suka kawo fenti suna rubuta "Na baƙar fata ne" a allunan, don masu fushi su tsallake. Da aka zo kan na Mista Baek, wanda iyayensa suka zo daga Koriya, sai aka yi cirko-cirko. Mista Lem ya karɓi burushin ya rubuta: "A nan kakarka ke karɓar magani." Ya wanke hannu ya tafi.

Ranar Asabar na kasa zama a gida. Na zo na tsaya a bakin titi, idona a kan ɗankwalin Jalisa mai ruwan ɗorawa. Mista Lem yana zaune a bayan motarsa, don shi in ya yi aiki sai ya tsaya ya ga yadda ya kaya. Da farko lafiya lau, ana waƙoƙin coci, ana kiran sunan Terrence, har da tsofaffi masu sanda da mata masu tura jarirai a keke. Wajen ƙarfe huɗu na yamma sai na ga 'yan sanda sun ja layi a bakin gada, garkuwa jikin garkuwa. Na waiwaya, ga wani layin a kwanar banki. Wani ya jefa robar ruwa. Lasifika ta ce a watse nan take.

A watse a bi ta ina? Gaba an toshe, baya an toshe, hagu da dama kuwa katako ne zalla, wanda mu da bakinmu muka ce a kafa. A lokacin na gane mun taya su gina keji, kuma 'yata na ciki.

Sai barkonon tsohuwa. Wanda bai taɓa shaƙa ba, kada Allah ya sa ya sani. Ido ya rufe, maƙogwaro ya kama wuta, mutane suka yi baya suka haɗu da waɗanda ke gudowa daga ɗaya ɓangaren. Ana dukan alluna da hannu ana ihu a buɗe. Wata mata ta ɗaga jaririnta sama da kanta tana juyi a wuri ɗaya. Na nemi ɗankwalin nan na rasa. Da na samu Jalisa, tana durƙushe a gindin ƙofar Mista Baek, jakarta ta ɓace cikin turmutsitsin da abin shaƙar maganin asmarta a ciki. Bakinta a buɗe, ƙirjinta na ɗagawa, amma iska ba ta shiga. Na san wannan kukan ƙirjin tun tana 'yar shekara huɗu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ban ga tahowar Mista Lem ba, ƙarar injin kawai na ji a saman kaina. A duk layin, kantin Mista Baek kaɗai ke da ƙofar baya mai fita lungu, kuma Mista Lem ya sani, shi ya kafa ta. Ya san kuma mai kantin na ciki yana gadin kayansa. Noti na farko ya faɗo, na biyu ya faɗo, sai ga muryar Mista Baek daga ciki.

"Wane ne? Kada a taɓa mini ƙofa!"

"Lem ne, Baek. Allon zan cire, kai kuma ka murɗa makulli."

"Ka haukace? Za su kwashe ni kaf! Haka aka yi wa babana, ina tsaye ina kallo!"

"Na sani. Wasu za su ɗauka, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma Jalisar Vernita ce a nan ƙasa, numfashi ya ƙi. Kai ka san maganinta, tun tana firamare kake ba ta."

Allon ya fita, saura ƙofar gilashi. Ina ganin Mista Baek ta ciki, makulli a hannu. Da Mista Lem ya so, guduma ɗaya ta isa. Bai fasa ba, ya tsaya yana kallonsa ido cikin ido. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba kafin na ji makullin ya juya.

Muka ja ta zuwa bayan teburin sayar da magani. Mista Baek ya yage kwali da haƙori ya sa mata abin shaƙa a baki, yana cewa, "Ja, 'yata, ja a hankali." Ta bayanmu kuwa mutane na kwarara tsakanin kantocin jera kaya suna fita lungu, masu jarirai, masu sanda, masu tari har da amai. Waɗanda ke wurin sun ce sun haura ɗari biyu.

Kai ne, Mista Lem, ka tsaya a bakin ƙofar da allon a hannu, ka tokare shi ya zama katanga tsakanin layin 'yan sanda da masu shiga, kana cewa, "Ɗaya bayan ɗaya, ba gudu, akwai yara." Kai ne da layin ya iso aka ce ka saki ka ƙi, don akwai sauran wata tsohuwa da ba ta kai ƙofa ba. Kulki ya sauka a wuyan hannunka sau biyu. Dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, aka kifa ka a kan kwalta aka ɗaure hannun da ya karye. Kwana biyu ka yi a tsare kafin likita ya gan ka, kuma tun daga nan hannun bai koma daidai ba. Ka lallaɓa shekara biyu da hagu, har abin ya gagara. Fasto bai faɗi wannan ba ranar Lahadi, domin kai ka hana shi.

Ba zan ce kowa ya yaba ba. An ɗebi kaya a kantin, an karya kantocin jera kaya biyu, Mista Baek ya yi sati uku a rufe. Wasu masu shaguna har gobe suna cewa Mista Lem ya buɗe wa ɓarayi hanya. Wasu matasan kuma suna cewa ai shi ya fara rufe titin, ya fifita kaya a kan mutane. Ni da Jalisa ma ba mu gama namu ba: ina nan a kan cewa unguwar da ta ƙone ba ta da bakin neman haƙƙi, ita tana nan a kan cewa shirunmu ne ya kai mu inda muke. Na taɓa tambayarsa wa ke da gaskiya a cikinmu. Ya ce, "Sista Vernita, ni kafinta ne. Ku yi ta musunku, ku dai kasance da rai ku yi shi." Da ya fito daga asibiti, shi ya gyara kantocin Mista Baek da hannu ɗaya, Baek na riƙe masa katako suna faɗa a kan ma'auni.

Mista Lem, mai noti huɗu, na zage ka a gaban mutum goma sha biyu, yau ina ba ka haƙuri a gaban duk mai karanta wannan. Da ka bi maganata, da ƙusoshin da na nema su za su kashe mini 'ya. Na gode. Ubangiji ya saka maka, ya sassauta maka ciwon hannun nan.

Saura ku, 'yan Titin Delmore. Nan da sati uku kotu za ta yanke hukunci a kan ɗan sandan da ya harbi Terrence, kuma ba wanda ya san yadda garin nan zai kwana. Na ga an fara sauke katako. Na ji wasunku sun kira wani kamfani daga bayan gari, masu bindigar harba ƙusa, wai sun fi sauri. Ku rufe tagoginku, ba zan hana ku ba, ni ma zan rufe tawa. Amma ku je gidan dattijon nan ku zauna ya nuna muku yadda ake rufe ƙofa a bar mata hanyar buɗewa, kuma kowane shago ya ajiye mutum da makulli a hannu. Wannan karon ba ya kan titi, ba kuma zai iya ɗaga injin ba.

Jiya da yamma Jalisa ta zo na yi mata kitso. Ina tsakiyar tsaga ta ce mini, ko yaya hukuncin ya kasance, za ta fita.