Jitar Kawu Mai Tsirkiya Biyar

Ina sauka a tashar Dutse aka tare ni da labarin rasuwar Kawu. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne yadda yake ƙwanƙwasa abu da bayan yatsa kafin ya yarda da shi.

Kafin zuwan shari'a, lokacin yana kiɗa a gidajen biki, wani ɗan kasuwa ya kawo sabuwar jitar lantarki irin tasa, wai su yi musaya. Kawu ya ɗaga ta, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa.

Ya ce, "Alhaji, sun rage mata katako, sun ƙara mata fenti. Wuyan ma sun fere shi."

"Baba, ai gyara ne. Ta fi daɗin ɗauka."

"To in ta fi tawa, me kake nema da tawa?"

Mutumin ya kwashe kayansa.

Da kiɗan biki ya ja baya, Kawu ya naɗe tasa a zane, tsirkiya ɗaya a tsinke. Ya ce in na shiga Kano in nemo masa tsirkiya irin ta da, ban da ta yanzu.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Na sha zuwa Kano, ban nemo ba.