Tantin Abatcha

A Nguru, in mutum ya cika zaɓe, ya shiga kasuwa ya fito ko albasa bai saya ba, tsofaffi kan dube shi su ce, "Kai kuma Abatcha ne?" Yara na jin sunan, amma kaɗan ne suka san mai shi.

Abatcha ɗan Mangawa ne, wani reshe na Barebari, daga wani ƙauye ta wajen Kumagannam. Ya gangaro Nguru yana saurayi, a shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa, ya yi dakon gyaɗa a tasha har gashin tsakar kansa ya gudu. Daga nan Allah ya haɗa shi da wani Bature mai yawon duba inda za a haƙa rijiyoyi. Sunan Baturen ya gagari kowa faɗa, saboda haka aka raɗa masa Mai Tsaki, kuma sunan bai zalunce shi ba.

Aikin Abatcha shi ne ya riga ayari yin gaba, ya samo inda za a kafa wa maigida tanti. A baki dai aikin ba wuya. Mai Tsaki yana son bakin ruwa, amma ban da sauro. Yana son gindin itace, amma kada tsuntsu ya sauka a kai. Yana son kusa da gari saboda ƙwai da madara, amma kada ya ji carar zakara. Duk wanda ya san fadamar da ke tsakanin Nguru da Gashua ya san wannan neman jini ne a jikin fara. Haka Abatcha zai isa wuri, ya buga turke ɗaya, ya zauna kusa da shi ya kasa kunne, ya shaƙi iska, ya tona ƙasa ko da gara. Doka kuma ita ce ba a kwance ɗaurin tanti sai wuri ya tabbata. Baturen zai iso, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ja tsaki. Sai dai shi tsakinsa na da iyaka. In rana ta yi ƙasa dole ya ce a kafa, ya shiga ya kwanta yana mita.

A irin wannan yawo ne, a bakin kogi a Gashua, wata 'yar masunta mai suna Fanne ta kawo wa kukun Baturen kifi. Ta leƙa tantin ta riƙe haɓa. Kore ne, da 'yar tagarsa mai marfi, da igiyoyi a miƙe kamar an auna.

Ta ce, "Ikon Allah! Ɗakin da ake naɗewa kamar tabarma!"

Bakin saurayi ba shi da linzami. Abatcha ya gyara hula ya ce, "In kika aure ni, wata rana ni da ke za mu kwana a cikinsa."

Ta yi dariya, kuma ta aure shi. Ko don tantin ne, ko don tsayinsa, Allah masani.

Da yaƙin Turawa ya tashi aka kira Mai Tsaki gida. Ya tattara akwatunansa, ya bar wa Abatcha tantin a cikin jakarsa, da turaku da guduma. Ranar da aka shigo da shi gidansu na bayan tasha, Fanne ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka zaci haihuwa aka yi. Ta share tsakar gida ta ce, "Malam, ga wuri, a kafa."

Abatcha ya dubi akuya, ya dubi murhu, jirgi kuma ya yi kuka daga tasha. Sai ya ji wani abu ya taru masa a leɓe, ya fito da kansa: mtsww. Shi ma sai da ya razana. Ashe ba tanti kaɗai ya gada ba.

Ya ce, "Fanne, alkawari na yi miki, kuma ba a cika alkawari a kusa da akuya. Ki bar ni in samo wurin da ya dace da ke."

Ya sayi jaki, ya shiga fataucin tabarmin kaba da busasshen kifi. Kayan sayarwa a gefe ɗaya, jakar tanti a ɗaya gefen. Sunan dai fatauci. In ya nufi kasuwar Jajimaji ya hango kurmin goriba a gefen wani tafki, shi ke nan, kasuwa ta ci ba da shi ba. Ya buga turke, ya zauna, ya saurara. Nan tururuwa ta yi yawa. Can inuwar tsamiya ta karkata hagu. Wani wuri kuma ya rasa abin kushewa, sai ya ce shirun ya yi yawa, akwai abin da yake ɓoyewa. Mai Tsaki yana da faɗuwar rana da ke tilasta masa. Abatcha kuwa ba mai tilasta masa, sai ya naɗe tabarmarsa ta kaba ya kwana a fili, sauro na cinsa, tanti na ɗaure a gefensa.

Mutanen ƙauye ba su san Bature ya tafi ba. Su dai sun san in aka ga dogon nan ya buga turke, to baƙo mai jan kunne na tafe. A wani gari da ke hanyar Dapchi, yana buga turke gari ya ruɗe. Fulani suka kora shanu cikin ruwa don gudun jangali. Bulama, wato mai garin, ya sa aka share filin tas, aka tara itace, aka kawo ƙwai a ƙwarya da rago a igiya. Dattawa suka yi layi suna jira. Abatcha na zaune kusa da turkensa, ido rufe. Can sai jaki ya yi kuka. Ya buɗe ido, ya ja tsaki, ya tumɓuke turken.

Bulama ya biyo shi yana haki. "Malam, me garinmu ya yi?"

"Jaki na kuka a nan."

"To ai jakinka ne!"

"Ko na waye, a nan ya yi kukan."

Mutum ɗaya ne ya gane gaskiyar lamarin, wani Bafillatani mai suna Hamajoɗa. Ya lura duk inda Abatcha ya buga turke akwai ruwa, akwai inuwa, akwai tudun da ambaliya ba ta kaiwa, kuma ba wani Bature da ke zuwa. Sai ya riƙa bin sawunsa da garkensa. Abatcha na tumɓuke turke, shi yana sauke kayan ruga. Da yake Fulani da Barebari abokan wasa ne, bai taɓa gode masa ba. Iyaka ya ɗaga masa sanda ya ce, "Bawana, yi gaba ka samo mini na rani!" Shanun Hamajoɗa suka yi ƙiba a wuraren da Abatcha ya tsarta wa yawu.

A gida kuwa jinkar ɗakin Fanne ta tsufa. Da bazara, lokacin da maza ke yankan ciyawa suna baibaya, Abatcha na can bakin wani tafki yana sauraron iska. In damina ta sauka hanya ta yanke, sai ya dawo ya yi 'yar gonarsa, ya miƙa wa Fanne jakar tanti ta rataye masa a ɗakinta saboda gara. Shekarar da ta haifi Mairam, ruwa ya riƙa zuba a kan gadonta kamar da gayya. Ta same shi a zaure ta ce, "Malam, ɗakin nan fa yoyo yake."

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Mai shirin kwana a tanti ba ta damuwa da jinka."

Ta faɗa, ta sake faɗa, daga baya ta daina. Abatcha ya ji daɗi, har yana yabon ta a majalisa, wai mace ce mai tawakkali. Shi kuwa namiji ne irin na da. Ɗakinsa na jikin zaure, can ake kai masa abinci, can matarsa ke samunsa. Shiga ɗakin mace a wurinsa zubar da girma ne, iyakarsa bakin ƙofa ya yi gyaran murya. In ya fito da jakinsa, matan unguwa su yi ta ƙyalƙyala dariya a bayan danga. Ya ɗauka hassada ce.

Haka jakuna suka tsufa a ƙarƙashin jakar nan ɗaya bayan ɗaya. Mairam ta girma aka kai ta aure Gashua. Gemun Abatcha ya yi fari, ido ya rage gani, kunne ya yi nauyi har sai an ɗaga murya. Abin dariya ne, amma ni tausayi yake ba ni, domin ba mugu ba ne. Son matar yake yi, son da ya sa ya rasa abin da ya isa ya ba ta.

Wata bazara, a shekarun da aka fara jin maganar zaɓe a gari, ya isa wani tudun yashi a bakin tafki, tsamiya a sama, giyayya a ƙasa, ruwa kwance. Ya buga turke, ya zauna. Ba sauro, ba tsuntsu, ba komai. Ya jira tsaki ya zo, tsaki bai zo ba. Hawaye ne suka zo.

Hamajoɗa, wanda shi ma ya tsufa, ya fito daga rugarsa da ke bayan tudun ya ce, "Bawana, nan fa ka taɓa ƙi tun ina da haƙora! Ka ce agwagin ruwa sun cika surutu. Ga su can, har sun yi jikoki!"

Agwagin kuwa suna can sun cika tafkin da kuka. Abatcha ya yi masa murmushi, don bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ya koma Nguru ya aro takarkari, ya ce da Fanne ta shirya, rana ta zo. Ta ɗaure kayanta. A hanya ta yi ta cewa, "Malam, akwai magana," amma tsoro ya sa muryarta ba ta fita sosai, shi kuma yana gaba yana jan igiya yana waƙa.

Suka isa da hantsi. Ya shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya, ya jera turaku, ya yi bisimilla, ya kwance ɗaurin da bai taɓa kwancewa ba tun tafiyar Mai Tsaki. Ya zura hannu ya jawo. Tsohon buhun gyaɗa. Ya sake jawowa. Wani buhun. Ya zazzage jakar gaba ɗaya: buhuna, da guntun tabarma, da tsumman zane. Ko faɗin tafin hannu na tanti babu.

Hamajoɗa ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Abatcha, ya rufe bakinsa. A tarihin wasan Fulani da Barebari ba a cika samun haka ba.

Fanne ta matso kusa da kunnen mijinta ta ce, "Malam, mu koma gida in nuna maka."

Suka juya gida. Washegari da la'asar suka shiga Nguru, hadarin farko na haɗuwa a gabas. Ta wuce ɗakinta ta ɗaga asabari, ta tsaya. Abatcha ya yi gyaran murya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Ta ce, "Yau kam sai ka shigo."

Ya sunkuya ya shiga, ya ɗaga kai. Kore ne daga tsakiyar jinka har bango. Ƙyalle a jikin ƙyalle, an ɗinke da zaren saƙa, an ɗaure a jikin tanka da igiyoyin Mai Tsaki. Ga 'yar tagar nan mai marfi, daidai saitin gado. Hayaƙi ya ɗan dusashe launin, amma shi ne.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun Mairam na goye."

"Wa ya zaɓar miki wurin?"

"Ruwa. Duk inda ya ɗiga, nan nake kafawa."

Ruwan ya sauko a lokacin. Abatcha ya zauna a bakin gado, ya yi abin da ya iya. Ya kasa kunne, ya shaƙi iska, ya taɓa ƙasa. Warin akuya na shigowa, murhu na hayaƙi, sauro ya sauka masa a hannu yana gani. Duk abin da ya gudu daga gare shi yana nan. Amma ko ɗigo bai sauko ba.

Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Fanne, da daɗi kwana a ciki?"

Ta zauna kusa da shi, ta kai baki kunnensa don kada maganar ta ɓata. "Da daɗi, Malam. Sai dai alkawarin da ka yi mini a bakin kogi, tare da kai ne."

Ya tashi cikin ruwan nan ya ɗauko guduma da turke ɗaya, ya buga shi a ƙofar ɗakin har ya kusa nutsewa. Ya koma zaure ya naɗo tabarmarsa da bargonsa.

Maza a majalisa suka ce an shanye shi da tsufa, namiji ya tare a ɗakin mace. Bai ji su ba, kuma da ya ji ma ba zai fasa ba. Hamajoɗa ne kaɗai ya yi asara, don daga ranar sai da ya koma nemo wa kansa wurin sauka. Abatcha bai sake fita neman wuri ba har ya rasu, a ƙarƙashin 'yar tagar nan. Turken kuwa bai tumɓuke shi ba. Fanne ta riƙa ɗaure akuya a jikinsa.