Mashin Ɗin da Ba Ya Jin Faransanci

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon soja ne. Da ya ajiye kaki sai ya kafa rumfa kusa da tashar Magarya, yana rubuta wa mutane takardun da za su kai biro, wato ofishin hukuma. Faransanci dai yana bakinsa, amma yatsunsa kamar taɓare suke, shi ya sa da na gama koyon daktilo, wato bugun mashin ɗin rubutu, a Damagaram ya ɗauke ni aiki. Shi zai riƙa kai da kawowa cikin rumfa, hannu a baya, yana faɗar abin da za a rubuta, ni kuwa ina bugawa. Wannan a tsakiyar shekarun saba'in ne, ban ma yi aure ba.

Mushen, wato malamin da ya koya mana a Damagaram, rufe mana hannuwa yake yi da ƙyalle don kada mu kalli haruffa. Saboda haka na dawo gida da wani abin alfahari guda: ina iya buga takarda cikakkiya idona yana kan titi. Mata masu fura har tsayawa suke yi su kalle ni.

Mashin ɗinmu tsoho ne, na gwanjo. Kan da ke tafiya da takarda ya gaji, sai da Kawu ya ɗaura masa robar tayar keke ya maƙala a ginshiƙin rumfa tana jan sa. Ran nan robar ta tsinke, kan ya zame ya faɗa cikin kwanon koko. Aka ba wani direba shi ya kai Damagaram gyara. Kawu ya ce ba zai zauna jira ba, ya hau mota zuwa Kano, ya dawo da sabo fil, kore, da akwatinsa har da ɗan makulli. Tun daga tasha ake bin sa kamar an kawo lefe. Ya raba goro.

Wanda ya fara zuwa wani dattijo ne daga Dogo-Dogo, manomi mai 'yan shanu, yana son takarda zuwa ga kumandan mai mulkin yankin a kan rijiyar garinsu da ta rufta. Kawu ya gyara murya ya fara, ni kuma na kafe ido a kan titi yadda na saba, domin ranar masu kallo sun fi na kullum. Sabon mashin ga laushi ga daɗin ƙara. Na zare takarda na miƙa masa ko dubawa ban yi ba.

Kawu ya sa tabarau. Ya nisanta takardar, ya kusanto da ita, ya juya ta ƙasa a sama. Sannan ya ce, "Ɗiyata, da wane yare kika rubuta?"

Na karɓa. Inda ya kamata a ga Monsieur le Commandant, sai ga :onsieur le Co;;qndqnt. Sunan garinmu, Magaria a rubutun Faransanci, ya koma :qgqriq. Garin dattijon ne kawai ya kusa tsira, shi ma Dogo6Dogo ya fito. Wani ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya leƙo ya karanta da ƙarfi, kuma daga ranar har aka yi watanni 'yan kamasho a tasha "Dogo shida" suke kira.

Sai a lokacin na sunkuya na kalli haruffan, abin da rabona da yi tun ina Damagaram. Na ga Q zaune a wurin A, W a wurin Z, M kuma ta sauka can layin ƙasa. Na gaya wa Kawu cewa wannan mashin na Ingilishi ne, jerinsa dabam da namu. Ya ce ba ya son shirme, mai kanti ya rantse masa duk ɗaya ne, kuma mutumin har Makka ya je. A ganinsa mashin baƙo ne, kamar jakin da aka sayo daga wata ƙasa, sai ya sha ruwan gari kafin ya saba. Ya sa na wuni ina buga masa Faransanci daga wani tsohon littafin karatu, wai don kunnensa ya buɗe. Ya kuma ajiye rediyo kusa da shi lokacin labarai. Dattijon Dogo-Dogo dai da hannu aka rubuta masa takardarsa, amma ya ƙi tafiya sai da aka haɗa masa da ta mashin, ya ce ai ita ya zo nema.

Da rediyo bai yi magani ba, sai Kawu ya sake tunani. Ya ce ramukan hanyar Kano ne suka girgiza haruffan suka sauya wuri. Aka kira mai gyaran agogo na bakin kasuwa, wani siririn mutum mai tabarau a ido ɗaya, wanda bai taɓa cewa bai iya wani abu ba. Ya zagaya mashin, ya shinshina shi, ya ce ƙaramin aiki ne. Ya sa tsinke ya ɓalle maɓallan da yatsa ke taɓawa, ya mayar da kowanne inda na nuna masa. Da ka duba sai ka ce a Faransa aka ƙera shi. Kawu ya sake raba goro.

Na danna A, Q ta fito.

To yanzu abin ya fi da muni. Da can in na kalla ina iya lallaɓawa, yanzu ko na kalla ƙarya mashin yake yi mini. Mai agogo ya ce lallai kenan ciwon a ciki yake, a kan 'yan sandunan ƙarfen da ke dukan takarda. Ya mayar da maɓallan yadda suke, ya aika aka kawo masa garwashi da dalma. Kawu ya fara jin tsoro, ya ce a gwada da biyu tukuna. Aka narkar da liƙin A da Q aka musanya su, da maɓallansu duka. Aiki ya yi, sai dai A ta fito a karkace, ta ɗan ɗaga sama da 'yan uwanta, kamar mai leƙen katanga. Da Kawu ya ga hayaƙi yana tashi daga koren fenti sai ya riƙe hannun mutumin.

"Malam, ya isa haka," in ji shi. "Sauran ka bar musu Ingilishinsu."

Haka muka samu mashin da babu irinsa daga Magarya har Kano, rabinsa Faransa, rabinsa Ingila. Ba shi kuma da 'yan alamomin da Faransanci ke ɗorawa a kan wasula. Kawu ya ɗauki wannan aikin, in na gama sai ya bi da alƙalami yana yayyafawa. Da yake ba ya tuna wadda ke karkata dama da wadda ke karkata hagu, sai ya riƙa raba su daidai wa daida, wai kada a cuci kowa. Wani sakataren biro ya taɓa aiko mana da saƙo cewa a rage gishiri.

Na sha wuya kafin yatsuna su yarda. Da safe kafin mutane su zo nakan zauna ina buga M, M, M a layin ƙasa har na cika shafi, mai shayi yana tambaya ko addu'a ce. Wajen ƙarshen damina na koma kallon titi, masu fura suka dawo.

A daidai nan direba ya sauke mana tsohon mashin, an gyara shi tsaf, ba ya buƙatar roba. Kawu ya ce tsohuwar zuma da ita ake magani, a ajiye koren. Na zauna, na buga takardar farko, sai ga ?onsieur a sama, ?agaria a ƙasa, Zinder kuma, wato Damagaram, ta zama Winder. Yatsuna suna neman M a gidan da ta koma, nan kuwa alamar tambaya ce ke zaune. Kawu ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya tambayi mai agogo, wanda ya zo ganin mashin ɗin da ya dawo, ko yana gyaran mutane. Mutumin ya ce zai iya dubawa, na ɓoye hannuwana cikin zane.

Koren mashin wani mushen lakwal na Bande ya saye shi. Na ji tausayinsa, na roƙi Kawu ya bar ni na bi amalanke na je na nuna masa inda ramukan suke. Na same shi a ƙarƙashin bishiyar bedi ya ɗora mashin ɗin a kan tebur. Ban gama gaisuwa ba ya zauna, ya tsura wa haruffa ido, ya fito da yatsu biyu yana tsattsaga kamar kaza. A hankali ya buga shafi guda babu kuskure ko ɗaya. Ya ce bai ga wata matsala ba, in ban da A ɗin nan mai girman kai. Matarsa ta dama mini fura, na sha, na kama hanya.

Ni kuwa sai bayan an gama ɗaurin hatsi M ta koma mazauninta na da, a ƙaramin yatsana na dama.