Ranar da Kwamfutata ta Yi wa Baffan Amarya Ƙazafi

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da kwamfutata ta kusa kashe min aure ba.

Lokacin ina digiri na biyu, aikina koya wa kwamfuta gane ɓarnar da hodar iblis ke yi wa ƙwaƙwalwa. Manhajar an ƙera ta ne bisa kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwar mutum. Sai ka yi ta nuna mata hotunan kan masu shaƙa da na masu lafiya har ta iya bambancewa da kanta. Ni kuwa ga cika baki, kowa na gani sai ya sha labarinta.

Ina neman aure a unguwar Kinkinau, iyayen yarinyar suka wakilta baffanta, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya yi bincike a kaina. Bai tsaya tambayar maƙwabta ba, ya zo har ɗakina a Badarawa da ƙatuwar ambulan a hammata.

"Ɗana, an ce injinka na duba kai. Ga hoton nawa da aka ɗauka bara da ciwon kai ya dame ni. Saka mu gani."

Da mai hankali ne, haƙuri zai ba shi. Ni har da gyara masa kujera. Ina sakawa ta rubuto ɓaro-ɓaro: mai shaƙar hodar iblis ne.

Innalillahi! Mutumin da ko goro ba ya ci! Gumi ya karyo min, na ga aurena yana ɗaga min hannu.

Baffa ya ɗora tabarau, ya karanta sau biyu. "Ni?"

Sai ya ce in buɗo hotunan da na koya mata da su. Mutumin da ya tsufa yana duba fayil, idonsa ba ya tsallake tambari. "Ai duk na masu shaƙar da tambarin asibiti a kusurwa, irin nawa. Na masu lafiyar babu."

Ashe wata shida 'yar banzar kwamfutar tambari take kallo, ba ƙwaƙwalwa ba! Kunya kamar in nutse. Na goge tambarin, nan take ta wanke Baffa tas.

Ya koma ya shaida musu yaron ba ya shaye-shaye, rawar kai ce kawai. Aka ɗaura. Har yau in na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Likita, yau me na shaƙa?"

Tun ranar na koyi cewa abin da ban bincika da idona ba, ba na cika baki a kansa, balle in gwada shi a kan suruki.