Baba Sa-Ido Zai Rufe Shago

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake buɗe shagon. Ya ɗaga ƙofar ƙarfen, ya share gaban wurin, ya fito da benci, sannan ya jawo keken ɗinkinsa har bakin ƙofa. Duk telan da na sani gefe yake ba titi, ko ma ya juya masa baya, don kada hankalinsa ya rabu. Shi kuwa bakin layinmu yake fuskanta. Ƙafarsa na taka keke, hannunsa na kan yadi, idonsa rabi a kan allura rabi a kan hanya. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka.

Kafin ƙarfe tara layinmu ya zama kamar an share shi. Ma'aikata sun tafi, 'yan makaranta sun wuce. Gida goma sha tara ne a layin, hanyar shiga ɗaya ce, ƙarshensa katanga. Waɗanda ke saura a ciki su ne tsofaffi, da masu goyo, da marasa lafiya. A cikinsu akwai mahaifiyata, wadda ɓarin jikinta na hagu ya shanye shekara huɗu da suka wuce. Tana iya dogara sanda ta kai ƙofa, amma ba ta iya gudu, kuma in ta yi ihu muryarta ba ta wuce tsakar gida. Ni kaɗai ce gare ta. Kullum da safe nakan ja mata ƙofa in tafi aiki, in wuce ta gaban shagon tela gabana na faɗuwa, sai na ji ƙarar kekensa a bayana sannan numfashina ya daidaita.

Ba a ɗauke shi gadi ba. Ba wanda ya taɓa ba shi sanda ko usur. Abin da yake da shi tambaya ce guda. Duk baƙuwar fuskar da ta karyo kwanar layin, zai ɗago kai ya ce da ƙarfi, yadda gida uku na farko za su ji: "Sannu da zuwa! Gidan wa za ka?"

Saboda wannan tambaya muka sa masa suna Baba Sa-Ido. Kada mai karatu ya ɗauka yabo ne. Zagi ne. A bakinmu ɗan sa-ido shi ne mai shiga abin da ba ruwansa, mai ƙirga wa mutane baƙi. Mun faɗa a bayansa, mun faɗa a gabansa, har ya bi shi, har yau yara ba su san yana da wani suna ba.

Ni ma na zage shi, kuma gara in faɗa da bakina. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a wani abokin karatuna ya kawo mini littafi, Baba ya tsare shi da tambayoyi har mutumin ya juya. Na fita a fusace da turancina da komai.

"Baba, layin nan naka ne? Kowa yana da 'yancin ya shiga inda yake so!"

Bai ma dakatar da keken ba. "Soja, in ba ki so a tambaye shi, ki faɗa mini sunansa. Gobe in ya zo da sunan zan gaishe shi."

Soja sunan da aka sa mini ne tun ina ƙarama, saboda ba yaron da ya taɓa ƙwace mini abu ya tafi da shi lafiya. Ya bi ni har girma, har mahaifiyata ta zama Innar Soja a bakin kowa. Ku riƙe wannan, domin a kansa ran Inna ya rataya wata rana.

Bara ne abin ya fara a unguwarmu. Ba masu haura katanga ba ne. Waɗannan da rana tsaka suke zuwa, cikin rigar aiki, da akwatin kayan gyara, su ƙwanƙwasa ƙofa da ladabi. Sukan yi kwanaki suna zagayawa suna sauraron sunayen da ake kiran mutane da su, su san gidan da tsoho yake shi kaɗai. A layin bayanmu sun ɗaure wani dattijo da wayar dutsen gugarsa, suka cusa masa tsumma a baki. Sai da jikokinsa suka dawo daga makaranta aka same shi. Kayan da suka ɗauka an maye gurbinsu. Shi dattijon har yau in aka taɓa ƙofa jikinsa rawa yake yi. Layi uku aka shiga a cikin wata biyar. Maƙwabta a kowane layi sun ga motar, kuma kowa ya ce ya ɗauka masu gyara ne.

Namu ya zo ranar wata Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ina wurin aiki. Abin da zan faɗa daga bakin Matar Direba na ji shi, wadda tagarta ke kallon shagon, da kuma bakin Baba da kansa.

Motar ɗaukar kaya ce ta tsaya a bakin layin, mutum biyu suka sauko. Baba ya ɗago.

"Sannunku da zuwa! Gidan wa za ku?"

"Gidan Innar Soja, Baba," in ji babban cikinsu, yana murmushi. "Soja ne ya aiko mu. Ya ce mu ɗauki firij mu kai gyara."

"Ya aiko mu." "Ya ce." Sai ka ce namiji ne. Baba ya ce a nan ƙafarsa ta sauka daga kan keke ba tare da ya sani ba.

"Shi Sojan da kansa?"

"Shi da kansa. Yanzu muka rabu da shi a bariki."

"To madalla," in ji Baba. "Yaron kirki ne. Ai ya bar mini mabuɗin, don tsohuwar ba ta iya tasowa. Ku zauna a benci in nemo muku."

Babu wani mabuɗi. Ya ɗauki almakashinsa, ya buga shi sau uku a jikin ƙarfen keken, kamar mai kaɗe zare. Wannan alama ce da suka yi da Matar Direba tun bayan abin da ya sami dattijon, kuma ba wanda ya sani sai su biyu, don Baba ya san in ya kawo maganar a taro dariya za a yi masa. Matar Direba ta ce tana wanke kwanuka ta ji keken ya yi shiru, sannan ta ji bugun. Nan take ta ɗauki waya. Ta kira gida huɗu, ta ce kowa ya kira na kusa da shi, kowa ya fito bakin ƙofa.

Shi kuwa Baba yana ta jan aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya, yana zazzage maɓallai da guntayen alli, yana mita. "Tsufa ba daɗi, 'ya'yana. Nan fa na sa shi."

Ƙaramin cikinsu ya gane. Ya matso, ya ɗan ɗaga gefen rigarsa yadda Baba zai ga ƙotar wuƙa. "Tsoho, ka yi ɗinkinka. Mun san gidan."

Suka juya za su shiga layin. Mutumin nan mai shekara sittin da takwas, da tef ɗin awo a wuyansa da silifa a ƙafarsa, ya fito ya tsaya a tsakiyar hanya. Na tambaye shi daga baya ko bai ji tsoro ba. Ya ce: "'Yata, na ji mana. Na dai rasa inda zan sa kunyata in na koma na zauna."

Sai ƙofofi suka fara buɗewa. Ba wani ƙato da ya fito, don babu shi. Mata ne da goyo, da wani tsohon malami mai tari, da Matar Direba da kumfar sabulu har gwiwar hannu, kowa da waya a hannu ya ɗaga ta sama. Ba wanda ya yi ihu. Kallo kawai suke yi, mutum goma sha wani abu. Mutanen nan suka dubi juna, suka koma mota da baya da baya. Garin juyawa suka take bencin Baba suka karya masa ƙafa. Lambar motar kuwa yana riƙe da ita, ya rubuta da alli a bangon shago tun suna zaune, kuma ita aka kai wa jami'an tsaro.

Da na dawo na tarar da Inna a ɗaki ba ta san komai ba. Na ba ta labari, sai ta ce: "Da sun ƙwanƙwasa sun ce Soja, ai buɗewa zan yi."

"Inna, cewa suka yi ya aiko mu. Ni namiji ce?"

"Ni ina zan bambance 'ya' da 'ta' ta bayan ƙofa? Sunanki kawai zan ji."

Har yanzu wannan magana ba ta bar ni ba. Tsakanin mahaifiyata da wayar dutsen guga babu komai sai harafi ɗaya, da kunnen mutumin da muka shekara talatin muna zagi.

Baba, kai ne ka san wace ce Soja, don ka san kowa. Kai ne ka san gidan da aka yi haihuwa da gidan da mai gida ya yi tafiya, ba don ka kai gaba ba, don ka san inda za ka ƙara duba. Kai ne ka haɗiye sunan da muka jefe ka da shi, ka amsa shi da fara'a, ba ka taɓa juya kekenka ya kalli bango ba. Ido na layi, mai tambaya ɗaya. Mun ce kana sa mana ido, ashe da gaskiyarmu, mu ne dai ba mu fahimci abin da muke faɗa ba.

Yanzu idon ne zai tafi. Likita ya ce na hagu ya riga ya mutu, na dama yana bi, kuma ciwon ba irin wanda ke komawa baya ba ne. Ya daɗe yana ɓoyewa. Matar Direba ce ke zura masa zare a allura da safe. Ni ban gane ba sai wata uku da suka wuce, ranar da na dawo da wuri, na karyo kwana, ya ɗago kai ya dube ni sosai ya ce: "Sannu da zuwa! Gidan wa za ki?"

Na tsaya cak. Na ce, "Baba, ni ce." Ya yi dariya ya ce tsokanata yake yi. Ba tsokana ba ce. Ƙarshen watan nan zai rufe shago ya koma wurin 'yarsa.

Mun yi taron layi a kan maganar, kuma a nan ne raina ya ɓaci. Shugaban layi ya ce a kafa kwamiti. Wani ya ce a sa ƙofar ƙarfe a bakin layi, aka yi awa guda ana gardamar kalar fenti. Wani ya ce ai akwai rukunin saƙonni a waya, wanda ba abin da ake turawa a ciki sai gaisuwar safe da hotunan furanni. Wani kuma ya gyara zama ya ce, "Allah zai kiyaye." Allah yana kiyayewa, na yarda, kuma shekara talatin da ɗaya da tela ya kiyaye mu. Ƙofar ƙarfe ba ta san Soja mace ce ba. Wa zai buɗe ta, wa zai tambayi mai shiga? Na tambayi mutanen da ke wurin su faɗi sunan wanda ke zaune a gida na ƙarshe. Mutum biyu suka sani cikin ashirin. Muna da digiri, muna da manyan wayoyi, amma ba mu san fuskar maƙwabcinmu ba, kuma muna kiran wannan wayewa.

An gyara ƙafar bencin. Na roƙi wanda ya ba Baba hayar shagon ya bar shi a wurin, ya yarda. Na rubuta ranakun mako a takarda na manna a bango, kusa da lambar motar da har yanzu allinta bai goge ba. Na canja lokacin aikina na ɗauki safiyar Talata. Matar Direba ta ɗauki Alhamis. Tsohon malami ya ce zai gwada Juma'a in tarin ya bar shi. Litinin da Laraba babu kowa. A waɗannan ranaku biyu Inna za ta kasance ita kaɗai a bayan ƙofa, tana jiran ta ji sunana ta buɗe.

Talatar da ta wuce na zauna kusa da Baba don in koya. Wani mutum ya shigo da jaka, na buɗe baki, kunya ta kama ni, na ƙyale shi zai wuce. Baba ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Soja guda? Ɗaga murya. Mutumin kirki zai amsa miki. Wanda ba na kirki ba, so ake ya san an gan shi."

Na ɗaga. Ashe mai kawo wa tsohon malami magani ne. Ya amsa, ya wuce, ban mutu ba.

Mun gode, Baba Sa-Ido. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka abin da ya rage na ganinka, ya ba ka masu kula da kai kamar yadda ka kula da iyayenmu. Ka yafe mana sunan, amma ka bar mana shi, don yanzu muna buƙatarsa.

Ku kuma masu karatu, kowane layi yana da awannin da yake zama babu kowa, kuma yana da tsohuwar da za ta buɗe ƙofa in ta ji sunan ɗanta ko 'yarta. Yau ɗin nan ku ƙwanƙwasa gidan da ke kusa da naku ku tambayi sunansu. Ku yarda a kira ku 'yan sa-ido. In kuma hanya ta kawo ku layinmu ranar Talata, wata mata a kan benci mai sabuwar ƙafa ta tambaye ku gidan wa za ku, kada ku ji haushi. Ku amsa mata. Tsoro take ji, kuma mahaifiyarta na ciki.